Jan Kyandir da Ruwan Jego

Shagon mai gas yana bakin layinmu a Kurmin Mashi, tsakanin mai wanki da guga da wata mata mai kayan miya. Mai shagon Bakatsine ne, mutum mai fara'a. Kullum na wuce sai ya ce mini a sauka lafiya, ko da shagon gaba zan shiga in sayo zare. Ranar da abin ya faru na dawo ne daga Babbar Kasuwa da rana tsaka, na sauka daga keke da ƙullin yadi a hannu. Ban ma fara jin ƙarar fashewar gas ɗin ba, wata iska mai zafi na ji ta ture ni ƙasa. Da na ɗago sai na ga mai gas ya fito daga shagon a guje, wuta tana cin rigarsa da gashin kansa, ya nufo inda nake da hannuwa a buɗe. Maza suka kayar da shi suka rufe shi da buhuna da ƙasa. Bai kai magariba ba. Ni ko ƙwarzane ban yi ba, har ƙullin yadina na tsinta na kaɗe na shige gida.

Washegari na ɗauki ashana zan kunna risho in dafa ruwan shayi. Ina ƙyastawa gabana ya yanke ya faɗi. Gumi ya karyo, ɗakin ya shiga juyawa, na tabbata mutuwa ce ta zo. Na yar da ashanar na rarrafa waje na zauna a bakin rijiya har abin ya lafa. Na ce wa kaina gajiya ce. Na sake gwadawa da yamma, aka maimaita. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake, to ni tsinken ashana ya zame mini maciji.

Ni tela ce, mijina ya rasu da daɗewa, yarana maza suna neman abinci a wasu garuruwa, don haka ɓoye abin bai yi mini wuya ba. Na ce wa maƙwabciyata, wadda muke haya gida ɗaya, rishona ya lalace, take cika mini filas da ruwan zafi. Na koma cin biredi da fura da abincin saye. Dutsen gugana na gawayi na tura shi ƙarƙashin gado, ɗinkin da na gama in miƙa wa mai guga. In maƙwabciyata ta hura gawayi a tsakar gida sai in rufe ƙofa in taka keken ɗinki da ƙarfi don kada in ji ƙarar fifita. Mace da ta girmi rabin unguwa, wadda ta yi girkin suna da na biki ba adadi, tana gudun murhu. Na fi son a ce ina da kowace cuta da a ce wannan.

Da ni kaɗai ce da na ƙarasa rayuwata a kan biredi. Amma 'yata tana da ciki, na fari. Ita ce 'yar farina, kuma ita kaɗai ce mace. Ba na faɗin sunanta, ba kuma zan fara a nan ba. A gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Tun da aka yaye ta kakarta ta ɗauke ta, ko ta faɗi ta fasa baki a gabana sai dai in kau da kai wani ya ɗaga ta. Na so ta son da ban yi wa kowa ba, ban kuma taɓa samun hanyar nunawa ba. Hanya ɗaya al'ada ta bar mini: in ta haihu za a kawo ta gida in yi mata wankan jego har ta yi arba'in. Tun ranar da na ji labarin cikin na sayi rabin duro, na sa aka jibge mini itace a bayan ɗaki. Wankan jego kuwa wuta ne safe da yamma, babbar wuta, wadda za ta tafasa rabin duro. Duk sanda na wuce itacen nan sai in kau da ido.

A gidan wani biki na faɗi. Masu girki suka zuba kananzir a murhu, wutar ta tashi bal, ban sake sanin inda nake ba sai a gadon asibiti. Likita ya auna jini, ya auna zuciya, ya ce lafiyata lau. Da ya matsa da tambaya na gaya masa gaskiya, don shi baƙo ne, ba zai kai zancen unguwa ba. Ya tura ni wurin wata mata a Malali, mai ba da shawara, ya ce aikinta ke nan, zama da mutanen da tsoro ya hana su sakat. Na ji haushi, na tambaye shi ko ya ga na fara tsince-tsince a bola ne. Kuma Malali nan ne gidan surukan 'yata, Zamfarawa masu sayar da hatsi a kasuwa. Ranar da na je sai da na ja mayafi har kan hanci, ina waige-waige kada wani nasu ya gan ni.

Malamar yarinya ce, da kyar in ta girmi 'yata, ga tabarau, ga murya ƙasa-ƙasa. Na ce a raina wannan ce za ta koya mini zaman duniya. Ta bar ni na yi ta surutu, ba ta katse ni ba, har na kai kan mai gas da hannuwansa a buɗe, na kasa ci gaba. Ba ta ce mini in yi haƙuri ba, ba ta ce in manta ba. Cewa ta yi jikina bai samu labarin an kashe wutar nan ba, aikinmu shi ne mu kai masa labarin a hankali. Abin da ta fara koya mini har dariya ya ba ni. In rufe baki, in ja numfashi, in sake shi ta hanci da ɗan amo mai tsawo, irin wanda ake yi wa jariri a goye don ya yi barci. Ta sa na ɗora tafin hannu a ƙirji in ji yadda yake kaɗawa. Na yi don kada in ba ta kunya. Da na tashi tafiya sai na lura kafaɗuna sun sauko daga inda suka maƙale tun ranar gobarar.

A zuwa na gaba ta ajiye kyandir a kan tebur ba ta kunna ba. Sai a wani zuwan ta kai shi can ƙarshen ɗaki, ta kafa shi a faranti mai ruwa don in san ko ya faɗi mutuwa zai yi, ta nemi izinina, ta kunna. Na miƙe zan gudu. Ta ce ƙofa a buɗe take, amma in gwada amon nan tukuna. Na tsaya riƙe da ƙofar ina yi, zuciyata tana dukan uku-uku. Ta ce wannan tsohuwar hanya ce ta nutsuwa daga wasu mutane na nesa, ba kowa ya san ta ba ko a cikin masu irin aikinta, ba kuma kowa take yi wa daidai ba. Mutum zai kafa ido a kan harshen wutar, ba tunani, ba lissafi, har ido ya kawo ruwa. Sai ya rufe ido ya kalli hoton wutar da ya saura a ciki har ya dushe.

Na tambaye ta kai tsaye ko wannan ba bautar wuta ba ce, don ni ba zan sayar da imanina saboda tsoro ba.

"Mama, ba roƙonta za ki yi ba, kallonta za ki yi," in ji ta. "In kin ga dama ki yi tasbihi a zuciyarki. Halitta ce kamar ruwan da ke ƙarƙashinta."

Na koma na zauna. Na kalli ɗan harshen nan yana lanƙwasa yana miƙewa, ina jiran ya yi tsalle ya kama labule. Bai je ko'ina ba. Tsoron ya hau, ya hau, har na ce yanzu zan mutu, sai kuma ya tsaya, ya fara sauka da kansa. Ban taɓa zama na ga saukarsa ba, kullum a hawan nake gudu. Da na rufe ido na ga ɗan haske kore-kore yana yawo, yana ƙanƙancewa, ya ɓace. Bai ƙone ni ba. Ranar na yi kuka sosai a gaban yarinyar nan da na raina.

Ta ce in riƙa yi a gida, in ja labule don iska kada ta kaɗa wutar. Na aika shagon layinmu, aka ce fararen sun ƙare sai ja. Na ce ja da fari duk kyandir ne. Kwana da kwanaki ina karya tsinken ashana kafin in iya kunna shi da kaina, kuma ranar da na iya ji na yi kamar na sauke Alƙur'ani. Bayan la'asar nake yi, lokacin da gidan ya yi shiru.

Ana nan sai ga Yaya, babbar yayata da ke zaune a Kawo, wadda ta riƙe mu bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ta ce ta yi sallama, ni dai ban ji ba. Ta ɗaga labule ta tarar da ƙanwarta a zaune a ƙasa cikin duhu da rana, ga jan kyandir a tsakiyar faranti da ruwa, na ƙura masa ido, hawaye na zuba, ina wani amo baki a rufe. Ko ni na shiga ɗakin wata na ga haka, abin da zan ɗauka ke nan. A garin nan kowa ya san masu ba da jan kyandir.

Ta yi salati, ta hure wutar, ta tambaye ni wane boka ne ya ba ni wannan aikin. Na ce asibiti ne suka sa ni.

"Wane asibiti ne ke ba da jan kyandir da ruwa a faranti?" ta ce. "Ki ji tsoron Allah, da girmanki."

Da na buɗe baki na ce mata wuta nake tsoro, da an wuce wurin. Girman kai ya hana ni. Na hau faɗa, na ce ta fita harkata, ni ba yarinya ba ce. Ta ɗauke kyandir ɗin ta jefa a jaka, ta tafi tana share hawaye. Yaya ba mai tsegumi ba ce, taimako ta je nema. Ta gaya wa wata ƙawarta ta makarantar Islamiyya, ta haɗa da faɗuwar da na yi a gidan biki da ramar da na yi, suka yanke cewa garin bin bokaye iska ta shige ni. Ita kuwa ƙawar tana da dangi a gidan surukan 'yata.

Da safe suka zo su biyu. Ina kan keke na ji warin garwashi kafin in gan shi. Ƙawar ce riƙe da kasko cike da jan garwashi, Yaya da ƙullin habbatus sauda da wasu saiwoyi. Suka rufe ƙofa. Na ce su fitar da shi, muryata ba ta fita sosai, suka kalli juna. Yaya ta kama kafaɗuna ta zaunar da ni tana karatu, ƙawar ta ajiye kaskon a gabana ta watsa maganin, suka lulluɓe ni da zane, ni da kaskon, don hayaƙin ya shige ni. Zafin ya bugi fuskata. Garwashin yana nan dab da idona, ja wur, ba iska, ba hanyar fita. Na nemi amon da aka koya mini na rasa. Mai gas na gani yana tahowa. Na kurma ihun da ban san ina da shi ba, na yi fatali da kaskon, na ture Yaya, na fita a guje ba mayafi ba takalmi. Ina jin ƙawar tana cewa aljanin ya ji wuta, ga shi nan zai fita. Ban tsaya ba sai bakin layi, gaban ƙonannen shagon, jama'a suna kallona.

Ba a kwana biyu ba surukar 'yata ta kira ni a waya. Ta gaishe ni da mutunci, ta yi mini ya jiki, sannan ta ce sun yi shawara, tunda ba ni da lafiya in huta, su za su yi wa yarinyar wanka a wurinsu. Na ce to, na gode. Na ajiye wayar na zauna ina kallon rabin duron nan ta taga. Abin da nake gudu tun farko ya same ni, kuma da hannuna na jawo rabinsa.

Na koma wurin malamar ne don in gaya mata ta cuce ni. Ta saurara, ta cire tabarau, ta ce laifinta ne da ba ta yi tunanin yadda abin zai zama a idon wanda ya shigo ba, ta ba ni haƙuri. Ta ce daga yau farin kyandir, a tsakar gida, ƙofa a buɗe, kowa ya gani. Sai ta tambaye ni duk duniya wa ya san wuta nake tsoro ban da ita da likita. Na ce babu. Ta ce in zaɓi mutum ɗaya in gaya masa.

'Yata na kira a waya. Ban taɓa yi mata doguwar magana ba, gaisuwa ce da saƙo. Na juya fuskata ga bango kamar tana ganina, na gaya mata komai, tun daga mai gas har kaskon Yaya. 

"Umma," ta ce, "to duk watannin nan me kike ci?"

Na ce ana kirana, na kashe wayar.

Na ci gaba da zaman kyandir a tsakar gida, maƙwabciyata tana tsintar shinkafa a gefe tana yi mini dariya. Yaya ta yi fushi ta ɗauke ƙafa. Na kai ga kunna risho, na dafa shayi na sha. Wutar itace ce ban kai ba, malamar ta ce kada in yi gaggawa, za mu je. Haihuwa kuwa ba ta jiran kowa. Aka kira ni aka ce an sauka lafiya, namiji. Na je asibiti na tsaya daga bakin ƙofa kamar yadda ya kamaci uwar 'yar fari, na yi barka, na dawo gida.

Washegari da hantsi na ji tsayuwar mota. Surukar ce ta fara shigowa, fuska a ɗaure, riƙe da jariri. Bayanta 'yata, tana takawa a hankali tana dafa bango. Ashe da aka sallame su ta ce wa direba Kurmin Mashi, ta kuma ce in ba nan ba ba za ta sauka daga motar ba, yarinyar da ban taɓa jin ta musa wa babba ba.

"Ga ɗiyarki nan, ta ƙiya," in ji surukar. "In kina iyawa, bismilla. In ba ki iyawa ki faɗi, mu wuce da ita, babu komi cikin wanga."

Na shimfiɗa musu tabarma a inuwa. Na jera duwatsun murhu, maƙwabciyata ta taya ni ɗora duron muka cika shi da ruwa. Na shirya itace, na cusa ƙirare da ƙyallayen da suka rage a ɗinki. Kananzir ban taɓa shi ba. Na shiga ɗaki na fito da ashana da guntun farin kyandir, na ga surukar ta gyara zama ta ƙanƙame jaririn. Na ce mata, Hajiya, na shago ne, kunna wuta zan yi da shi.

Tsinken farko ya karye. Na biyu ya kama, na kunna kyandir ɗin, na durƙusa na miƙa shi ƙarƙashin ƙiraren. Ƙyallayen suka kama, ƙiraren suka fara ƙara, sai wutar ta tashi gaba ɗaya ta lashi gindin duron, zafinta ya daki fuskata. Abin ya zo mini kamar ranar farko. Idona ya fara duhu, ƙafafuna suna cewa tashi ki gudu, ƙofar gida tana nan a buɗe. Na san in na tashi, motar nan za ta juya da 'yata. Na zaɓi harshe ɗaya a cikin wutar, ƙarami, can gefen dutse, na kafa masa ido. Na rufe baki na nemi amon, ya fito a kakkarye, ya yanke. Na sake ja, ya sake yankewa. Sai na ji shi yana fitowa daga bayana, a hankali, ba yankewa. 'Yata ce, ta karɓi ɗanta tana jijjiga shi tana yi, idonta a kaina. Na bi nata. Tsoron ya hau iya hawansa, ina durƙushe gumi na ɗiga daga haɓata, sannan ya fara sauka. Na ɗauki wani itacen na ƙara.

Ban san lokacin da surukar ta tashi ba. Na dai gan ta ta dawo daga ƙofar gida da rassan darbejiya, ta zauna tana ɗaure su. Da ruwan ya tafasa ta leƙa duron ta ce wa direba ya shigo da kaya.

Na kwashi ruwan na kai banɗaki, na surka shi yadda likitoci suke cewa, ba irin na zamaninmu mai saɓule fata ba. 'Yata ta zauna a kan kujera 'yar tsugune. Na tsoma ganyen na ɗaga, ruwa yana ta watsuwa ko'ina don hannuna ya ƙi tsayawa.

"Umma, hannunki rawa yake," ta ce.

"Na sani. Da yamma ma zai yi. Juya."

Ta juya. Na sauke ganyen a bayanta, na bi da tafin hannuna, bayan da rabona da taɓa shi tun ranar da aka yaye ta.